Mun ɗauko tsohuwar sabar Alhaji daga Apapa za mu kai ta kilawud

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Apapa nake muku magana, in kun ji hon ɗin tireloli na shigowa cikin maganata ku yi haƙuri, hanyar tashar jiragen ruwa ce haka take kullum, ni ma tun bayan asuba na baro Agege don kar gosulo ya riƙe ni a hanya. Waɗanda suka daɗe suna bina sun san aikin kwamfuta ne ya kawo ni Legas daga Kano, to yau aikin ya kawo ni wani kamfani na 'yan uwanmu masu fitar da riɗi da zoɓo da citta zuwa waje, kayan daga Dawanau da Maigatari da kudancin Kaduna ake lodo su, a nan ake zuba su a kwantena. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, Alhaji mai kamfanin ya ce in ɗauki hoton injin kawai banda allon ƙofa. Aikin shi ne mu kwashe abin da ke cikin tsohuwar sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan kamfanin, mu kai kilawud, wato kwamfutocin haya da ake shiga ta intanet.

Bari in juya kyamara ku gani. Wannan ƙaton abin mai tayoyi a ƙasa shi ne Sun Enterprise 450, samfurin da ya fito a 1997, kuma Solaris 8 ke kansa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da injin, wanda shi kuma na shekarar 2000 ne. Duk wani buhu da ya shigo sito, duk bashin da ake bin dillali, albashin lebura, kuɗin direbobi, komai a cikin wannan yake, kuma wallahi har yau yana aiki, abin da ya kamata a yaba ne. Amma ku saurari wannan ƙarar, fanka ce ke kuka haka. Kamfanin da ya ƙera shi ma babu shi yanzu a matsayin kansa, Oracle ta saye Sun tun 2010. In faifan ajiyarsa ya mutu tsohon samfuri ne da ake kira SCSI, kuma in ka shiga Computer Village a Ikeja ka bi Otigba shago shago kana tambaya, yaran da ke wajen wasu ko haifarsu ba a yi ba lokacin da ake yayinsa, sai dai a yi maka oda na hannu daga Amurka ko Ingila, ya zo ba ka san shekara nawa ya yi yana juyawa a wani wajen ba.

Akwai ma wani abu da ya fi ba ni tsoro fiye da faifan. Irin waɗannan injinan na Sun suna da wani ɗan ƙaramin guntu a jikin allonsu mai batir a rufe a cikinsa, a nan ake ajiye lambar shaidar injin wadda ake kira hostid da lambar katin netiwok. Batirin nan in ya ƙare injin sai ya manta ko shi wane ne. To manhajoji da yawa na wancan zamanin lasisinsu a ɗaure yake da wannan lambar, kun ga ke nan batir ɗan mitsitsi zai iya tsayar da kamfani guda ranar da ake biyan albashi.

To me ya sa ba za a sayi sabuwar kwamfuta a kwafe komai a zuba ba kawai? Wannan ita ce tambayar da Alhaji ya fara yi min, ya ce "Injiniya, ni fa ban gane ba, jikana yana canza waya ya kwashe komai nasa cikin minti kaɗan." Na ce ranka ya daɗe ai matsalar yare ce. Firosesan da ke cikin wannan injin, wato guntun da ke aiwatar da umarni, SPARC ne, na cikin kwamfutocinmu na yanzu da yawancin na kilawud kuma x86 ne irin na Intel da AMD, umarnin da kowanne ke ganewa daban, hatta yadda suke jera lamba a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne, SPARC yana fara ajiye babban ɓangaren lambar shi kuma x86 ƙaramin yake farawa da shi. Shi ya sa manhajoji irin VMware ba za su yi wannan aikin ba, su suna raba inji ɗaya ne gida gida amma dole duk 'yan gidan su zama masu yare ɗaya.

Emuleta kuwa tafinta ne, irin wanda ke tsayawa a kotu tsakanin alƙali da mutumin da ba ya jin Turanci. Manhaja ce da ke zama a kan sabuwar kwamfuta ta yi shigar tsohon injin gaba ɗayansa, firosesa da faifai da katin netiwok har da wancan guntun mai batir, sai Solaris ya tashi a kanta yana zaton har yanzu a cikin ƙarfensa na 1997 yake, duk umarnin da ya bayar da yaren SPARC a juya shi zuwa na x86 nan take. Masu kyau daga cikinsu ba sa fassara layi ɗaya ɗaya kowane lokaci, in suka ga wani guntun aiki ana ta maimaita shi sai su fassara shi sau ɗaya su ajiye, shi ya sa sau da yawa za ka ga tsohuwar manhaja ta fi gudu a kan emuleta fiye da yadda take a injinta na asali, don firosesan yanzu ya yi wa na wancan lokacin nisa sosai.

Kuma ba Sun kaɗai ba ne. Akwai VAX na kamfanin DEC da ya fito 1977, da Alpha na 1992, DEC ɗin Compaq ta saye shi a 1998 ita ma ta haɗe da HP a 2002, akwai HP 3000, akwai PA-RISC, duk akwai masana'antu da ofisoshi a duniya da har gobe a kansu suke. Wani kamfani na Suwizalan mai suna Stromasys yana sayar da emuleta da ake kira Charon don irin waɗannan, na kyauta kuma akwai SIMH da QEMU, ni da QEMU na fara gwaji a laftof ɗina a ɗaki kafin in buɗe baki in yi wa Alhaji alƙawarin komai. Amma dai na kyauta in ya tsaya maka ranar ƙarshen wata babu wanda za ka buga wa waya, wannan kowa ya auna da kansa.

Aikin kansa ba wani abin kallo ba ne. Ka kwafe faifan gaba ɗayansa ya zama fayil guda, ka ɗora shi can, ka saita emuleta da irin ƙwaƙwalwa da faifan da tsohon ke da su, ka saka masa hostid ɗin nan, ka tayar. Inda ake shan wahala shi ne ƙananan abubuwan da ke rataye a jikin injin. Ku ga wannan firintar mai ƙara da ke buga takardar lodi mai kwafi uku, da igiyar siriyal take haɗe da saba kai tsaye, sikelin awon buhu na ƙofar sito ma haka, to kilawud ba shi da ramin da za ka soka igiya, dole ka sa ɗan akwatin da ke ɗaukar siginar siriyal ya bi da ita ta intanet. Masu VAX nasu ma ya fi, don tsofaffin hanyoyin sadarwarsu irin DECnet da LAT ba sa wucewa a netiwok ɗin kilawud haka kawai sai an naɗe su a cikin IP, wato tsarin sadarwar intanet.

Batun lasisi kuma kar wanda ya yi wasa da shi. Don emuleta ya yarda ka rubuta masa lambar tsohon inji ba shi ne ya ba ka izini ba, sai ka duba takardar da kuka sa wa hannu da mai manhajar. Misali akwai Hercules da ke kwaikwayon manyan injinan IBM kuma yana aiki, amma IBM ba ta ba da lasisin ɗora babbar manhajarta z/OS a kansa.

Yanzu mu zo kan inda ni da Alhaji muka fi daɗewa muna ja, wato ina za a ajiye abin. Mutane in sun ji kilawud suna ganin kamar a iska yake, alhali gini ne mai kwamfutoci a wani gari. Microsoft ta buɗe nata a Johannesburg da Cape Town a 2019, AWS ta Amazon ta buɗe Cape Town a 2020 sannan ta kawo ƙaramin reshe nan Legas a 2023, Google ma ta buɗe Johannesburg a 2024. In ka ajiye a Afirka ta Kudu ko Turai, duk maɓallin da akawu ya danna a irin wannan tsohuwar manhajar mai baƙin allo sai ya bi wayar ƙarƙashin teku ya je ya dawo kafin harafin ya fito masa, kuma mai saurin bugu yana jin wannan jinkirin a yatsunsa. Sannan duk wanda ke Legas ranar 14 ga Maris 2024 ya san abin da ya faru, wayoyin teku huɗu suka samu matsala ta wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, intanet ya yi ta rarrafe, manhajojin banki suka ƙi buɗewa. A ranar wannan tsohon ƙarfen da kuke gani ko a jikinsa, yana ɗakinsa yana buga takardar lodi. Wannan hujjar Alhaji ce kuma gaskiya ban iya ture ta ba.

Ni kuma tawa hujjar wuta ce. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, naira 225 kowane yunit, ga dizal na janareta, ga esi biyu da ba a kashewa dare da rana saboda inji ɗaya, ga gishirin iskar Apapa da ke cin ƙarfe, in ka tara za ka ga kana biyan kuɗi mai yawa don ka raya abin da zai iya mutuwa gobe da safe. Sai Alhaji ya ce to kilawud ɗin da me ake lissafa shi, na ce da dala, ya yi dariya ya ce "ka manta dala tana wajen 460 kafin Yunin 2023, farkon 2024 ta haura 1,500?" Ɗan kasuwa ke nan, ko da yake shi riɗinsa da dala yake sayarwa don haka abin bai kai masa yadda zai kai wa mai shagon da naira kawai yake gani ba. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, tunda akwai sunaye da albashin ma'aikata a ciki fitar da su ƙasar waje yana da sharuɗɗa. Matsayar da muka cimma ita ce emuletan da za a riƙa aiki da shi kullum zai zauna a nan cikin Legas, tunda akwai cibiyoyin ajiyar saba irin Rack Centre a Oregun da ta Equinix a Lekki wadda a da ta MainOne ce, sannan kwafi na biyu a kilawud na waje yana kwance sai an buƙace shi a tayar, layin intanet kuma biyu daga kamfani daban daban.

Bari in gabatar muku da wanda ya fi injin muhimmanci, ko da yake ya ce kar in nuna fuskarsa. Baba Akanta ne, tun ana sayen injin nan yake wajen. Na ce Baba ina wuni, ya ce "ɗana, wai da gaske allon nawa ba zai canza ba?" Na ce Baba ko maɓalli ɗaya ba zai canza ba, F3 ɗinka na nan inda ka san shi. Daɗin emuleta ke nan, ba sai an sake koya wa kowa aiki ba. Amma a nan ɗin dai damuwata take, domin wanda ya rubuta manhajar ya bar ƙasar da daɗewa, asalin rubutun lambobinta babu wanda ya san inda yake, kuma akwai wasu matakai da ake bi wajen rufe lissafin wata da babu su a kowace takarda sai a kan Baba. Emuleta ba ya maganin wannan ko kaɗan. A 2020 lokacin korona har gwamnan New Jersey a Amurka sai da ya fito yana cigiyar masu iya COBOL, yaren da aka ƙirƙira tun 1959, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe. Haka nan Solaris 8 an daina yi masa gyaran tsaro, ma'aikatan nan da wata tsohuwar hanya mai suna telnet suke shiga wadda kalmar sirri a fili take tafiya a cikinta, don haka dole mu killace shi a bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga mai tsaro, kar ya leƙa intanet ko da wasa. Kuma manhajojin da ke ƙirga lokaci a ƙaramin gurbin lamba da ake kira bit 32 agogonsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ko a ƙarfe suke ko a emuleta. Shi ya sa na ce wa Alhaji a cikin kuɗin aikin nan a ware na yaro ɗaya mai hankali da zai zauna kusa da Baba da littafi yana rubuta duk abin da ya danna da dalilinsa, kuma a fara neman sabuwar manhaja a natse tun babu wanda ke kan wuta.

Abin da ya rage yanzu shi ne gwaji. Ba za mu kashe tsohon ba tukuna, za a riƙa shigar da komai a duka biyun har a rufe lissafin wata, sannan mu buga rahoton nan da na can mu ɗora su gefe da gefe, Baba ya bi su da biro layi layi, in kobo ɗaya ya bambanta ba za a tare ba. Kwafin faifan ma yanzu yake tafiya, ga shi nan a allo yana ja a hankali, don haka zan leƙa wajen masu shayi na bakin geti in karya kafin ya gama, firintar da sikelin kuma sai gobe in akwatin siriyal ɗin ya iso daga Ikeja.