Sarkin da ya ce talakawa su sha faten nama

Wata rana fadawa suka shiga gaban sarkin ƙasar Sin suka faɗi, suka ce ranka ya daɗe, yunwa ta yi tsanani, talakawa na ta mutuwa don babu hatsi. Sarki ya yi jim, ya yi tunani iyakar tunaninsa, sannan ya ce: to in babu hatsi, me ya hana su sha faten nama?

Ba gatse ya yi musu ba, jama'a, da gaske yake tambaya. Sunansa Sima Zhong, amma an fi saninsa da Sarki Hui na daular Jin, kuma ya zauna kan gadon mulki daga shekarar 290 zuwa 307 Miladiyya. Shi ne dai ya ji kukan kwaɗi a lambun fada ya tambaya ko kwaɗin na hukuma ne ko na masu zaman kansu. Wani bafade, wanda da alama ya san inda tuwonsa yake, ya ce ai na filin hukuma na hukuma ne, na filin mutane kuma na mutane.

To yaya aka yi irin wannan mutum ya samu sarauta?

Mahaifinsa Sima Yan ba ƙaramin sarki ba ne. Shi ya haɗe ƙasar Sin wuri guda a 280, bayan ta yi shekara 60 a rarrabe. Yana da 'ya'ya maza fiye da 20. Sai dai Zhong shi ne babba cikin 'ya'yan uwargida da suka rayu, ita kuwa uwar ta kafe cewa gado na babba ne. Aka naɗa shi yarima mai jiran gado a 267, bai ko kai shekara goma ba.

Kowa a fada ya san yaron ba shi da kai, faɗa ne dai ba a iya yi. Wani dattijon minista, Wei Guan, ya rasa ta inda zai ɓullo, sai a wajen wata liyafa ya yi kamar giya ta ɗebe shi, ya je ya shafa kujerar sarki yana cewa, kaico wannan kujera. Sarki ya gane sarai. Abin da ya ce kawai shi ne, lallai ka bugu.

Duk da haka zuciyar uban ba ta kwanta ba, sai ya aika wa ɗansa takardun shari'a ya ga yadda zai yanke. Nan matar yarima, Jia Nanfeng, ta shigo. Ta sa wani malami ya rubuta amsa, malam ya cika ta da ambaton tsofaffin littattafai. Wani ma'aikacin gidan mai suna Zhang Hong ya duba ya ce a'a, duk garin nan an san yarima ba ya karatu, in aka kai wannan asiri ya tonu. A rubuta da magana mai sauƙi, shi kuma ya kwafe da hannunsa. Haka aka yi. Uban ya karanta ya yi murna. Ni dai a ganina ba yaudararsa aka yi ba, dama abin da yake so ya gani ke nan.

Ya ƙara da wani kuskuren. Ya lura gidan sarautar da suka ƙwace wa mulki ya faɗi ne don ba shi da 'yan uwa masu ƙarfi, sai ya rarraba wa 'ya'yansa da danginsa yankuna, ya haɗa musu da sojoji.

Yana rasuwa a 290, kasuwa ta buɗe. Sabon sarki ya zama na je-ka-na-yi-ka: duk wanda ya riƙe shi, ya riƙe hatimi, wanda ya riƙe hatimi kuwa maganarsa ce doka. A 291 kaɗai Jia ta sa aka kashe mai riƙon ƙwarya Yang Jun, ta yi amfani da wani yarima, Sima Wei, ya kashe wani babban yarima, Sima Liang, da dattijo Wei Guan, sannan ta juya ta ce takardar umarnin ta jabu ce, aka kashe Sima Wei ɗin. Gaskiya a faɗe ta, bayan nan ta bar wa ƙwararru irin su Zhang Hua aiki, ƙasa ta ɗan numfasa kusan shekara takwas. Abin da ya kayar da ita shi ne ɗan kishiya. Ba ta da ɗa namiji, sai ta sa aka ɗirka wa yarima mai jiran gado, Sima Yu, giya, aka ba shi takardar cin amana ya kwafe, aka tuɓe shi, aka kashe shi a 300. Cikin wannan shekarar wani yarima, Sima Lun, ya kama ta ya ba ta guba.

Sima Lun bai tsaya nan ba, ya hau kujerar da kansa a 301. Ya raba muƙamai har wutsiyar dabbar da manyan fadawa ke maƙalawa a hula ta ƙare, aka koma sa ta kare. Wata uku aka yi, sauran yarimomi suka taru suka kayar da shi, suka mayar da Hui, sannan suka shiga cin junansu. Wannan shi ake kira Yaƙin Yarimomi Takwas. Ba zan jero muku su ba, duk Sima ne, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi: umarni da sunan sarki, zagi a kan sarki.

Amma ga abin da ya sa ban cika yi masa dariya ba. A 304 aka ɗora shi a karusa aka kai shi fagen fama a Dangyin. Rundunarsa ta watse, aka ji masa rauni a fuska, kibiya uku ta same shi. Fadawa duk suka ranta a na kare, ban da mutum ɗaya, Ji Shao, wanda ya hau karusar ya kare shi da jikinsa. Sarki yana ta cewa kada ku kashe shi, amintacce ne, suka sare shi a gabansa, jini ya fallatsa a rigar sarki. Da ƙura ta lafa, barori suka zo za su wanke rigar. Ya ce a'a, wannan jinin Ji Shao ne, kada ku wanke.

Daga nan aka yi ta yawo da shi kamar kayan ganima, daga Ye zuwa Luoyang, daga Luoyang zuwa Chang'an, har aka dawo da shi babban birni Luoyang a keken shanu a 306. A farkon 307 ya ci wata gurasa ya mutu, kuma Sima Yue, yariman da ya rage a tsaye, shi aka fi zargi da sa guba.

Kafin nan arewa ta riga ta kama da wuta. Liu Yuan na ƙabilar Xiongnu ya kafa tasa daular tun 304, kuma sojojinta suka ci Luoyang a 311, suka ci Chang'an a 316. Ƙasar da Sima Yan ya haɗe ba ta sake zama ɗaya ba sai a 589.