Ɗakunan Nan Masu Ruwan Ɗorawa: A Wane Gini Aka Ɗauki Bidiyon?

Ku kalli bangon nan da kyau. Ruwan ɗorawa ko'ina, kafet kamar ya sha ruwa, fitilun sama suna ta ƙugi zuuu. Ba taga, ba ƙofar fita. Ka fita wannan ɗaki, ka faɗa wani irinsa.

Guntun bidiyon nan na Backrooms ya sake yawo a wayoyi, kuma tambaya ɗaya ake ta turo mana: wai da gaske tsohon kaset ne aka tsinta? Wata baiwar Allah ma ta ce tun da ta kalla, ba ta iya bin doguwar barandar asibiti ita kaɗai da dare.

Asalin labarin a gurguje. A watan Mayun 2019 aka sa hoton wani ɗaki wayam a dandalin tattaunawa na intanet mai suna 4chan, wani kuma ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa duk wanda ya zame daga duniyar nan ta inda bai kamata ba, zai tsinci kansa a Backrooms, ɗakunan da faɗinsu ya kai murabba'in mil miliyan 600. Shi ke nan, labari ya shiga bakin duniya. A Janairun 2022 sai Kane Parsons, ɗan shekara 16 a jihar Kalifoniya, ya saki fim na kusan minti tara a YouTube, wai kaset ɗin wani mai ɗaukar hoto da ya faɗa can a shekarun 1990.

To, a nan mutane ke ruɗewa. Ɗakunan da kuke gani a fim ɗin babu su a doron ƙasa. A cikin kwamfuta yaron ya gina su, da manhajar Blender wadda kyauta ake sauke ta, ya ƙarasa gyaran da manhajar tace bidiyo ta After Effects.

Za ku ce ai mun san hoton kwamfuta in mun gani. Gaskiya ne, mun san shi da tsafta da sheƙi, komai tas kamar an goge da mai. Shi ya sa Kane ya ɓata nasa da gangan. Bari mu rage gudun wannan wurin. Kun ga yadda kyamarar ke rawa daidai da takun mai tafiya? Kun ga ya juya da sauri, hoton ya yi dishi-dishi kafin ya daidaita? Babu hannun da ke riƙe da komai a nan. Ita kanta kyamarar ta cikin manhaja ce, an sa ta ta riƙa yin kuskuren ɗan Adam.

Yanzu dubi gefen allon. Layukan nan da ke gilmawa, launin da ya koɗe, tsakin da ke yawo a cikin duhu. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohon kaset ɗin bikin gidansu ya san wannan kamar. Idonmu ya saba cewa hoto mai irin wannan lalacewa abu ne da ya faru. Dishin yana kuma yin wani aikin: duk inda ginin kwamfutar zai tona kansa, a kusurwar bango ko a inuwa, ya lulluɓe wurin.

Ku yi shiru ku saurara.

Ƙugin fitila. Numfashi. Taku a kan kafet.

Dodon da ke cikin fim ɗin ma ba a bari ka ƙare masa kallo. Ga shi can, dogo, siriri, kamar tarin wayoyin lantarki, sai kyamara ta kauce, sai gudu. A ganina nan ne gwanintar take. Da ya tsaya minti ɗaya a fili, da tsoron ya gudu. Ni wurin da ya fi tayar min da tsikar jiki babu dodo a ciki sam, inda mutumin ke kiran ko akwai wani, ɗakunan suka yi masa shiru.

Masu cewa akwai gini na gaske kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, abu biyu suka haɗa. Hoton farko na 2019, shi kam na gaske ne. Shekara biyar masu bin diddigi suna nemansa a intanet, sai a Mayun 2024 suka gano shi: tsohon shagon kayan ɗaki ne a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, an ɗauke shi lokacin da ake gyaran wurin don mayar da shi shagon kayan wasa na HobbyTown. Ga hoton a hagu, ga fim ɗin a dama. Na hagu magina sun taka shi da ƙafarsu, na dama yaro ne ya zana shi a kwamfutarsa.

A 2023 kamfanin shirya fina-finai na A24 ya sanar da cewa zai mayar da labarin cikakken fim, kuma Kane ɗin ne aka ba ragamar ba da umarni, alhali ko makarantar sakandare bai gama ba.