Yini Guda Tsakanin Kufan Pompeii da Gonakin Inabin Dutsen Vesuvius

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Auwal da Malam Bulus, waɗanda aiki ya kai su birnin Napoli na ƙasar Italiya, suka sami yini guda na hutu, suka biya kuɗi aka kai su kufan Pompeii da safe, da rana kuma aka hau da su wata gonar inabi a jikin dutsen Vesuvius domin cin abinci da ɗanɗana giya. Tun da suka dawo suke musu a kan ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ce su kawo musun nan gaban jama'a. Malam Auwal, tunda kai ne mai ƙorafi, bismillah.

Malam Auwal: Na gode, Hajiya. Ƙorafina a kan rabon lokaci yake. Garin Pompeii ya kai kusan hekta 66 a cikin ganuwarsa, an tono kimanin kashi biyu cikin uku, amma sa'a biyu kacal aka ba mu a ciki, alhali mun shafe kusan sa'a uku a gonar inabi. Mun shiga ta ƙofar da ake kira Porta Marina, jagoranmu yana gaba riƙe da laima yana ɗaga ta sama domin kada mu ɓace a cikin cunkoso, mu kuma muna binsa kamar tumaki, kuma duk inda na tsaya zan duba wani abu da kyau sai in hango laimar ta sha kwana.

Hajiya Rabi: Kafin mu yi nisa, Malam Bulus, tuna wa mai sauraro abin da ya sami garin.

Malam Bulus: A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ya binne Pompeii, wani gari na Rumawan dā, a ƙarƙashin toka da tsakuwa masu zurfin mita 4 zuwa 6, ya haɗa da garuruwan Herculaneum da Stabiae da ke kusa. Shekara 17 kafin nan, wato a 62, an yi girgizar ƙasa mai ƙarfi, har lokacin da dutsen ya fashe mutanen garin ba su gama gyaran gine-ginensu ba. Abin da ya sa muka san yadda ranar ta kasance shi ne wasiƙu biyu da Pliny Ƙarami ya rubuta wa masanin tarihi Tacitus, domin yana saurayi ɗan shekara 17 ya hangi abin daga Misenum, can ƙetaren gaɓar teku, kuma kawunsa Pliny Babba, wanda yake shugabancin jiragen ruwan yaƙi a wurin, ya tafi ceton mutane ya rasu a Stabiae. Ba a fara tonon Pompeii gadan-gadan ba sai a 1748.

Malam Auwal: Abin da ya fara kama ni shi ne titi. An shimfiɗa shi da manyan baƙaƙen duwatsu, kuma ƙafafun amalanke sun ci dutsen har sun yi masa kwari guda biyu da za ka iya sa ƙafarka a ciki. A mahaɗar hanyoyi akwai duwatsu masu tudu da aka jera daga wannan gefe zuwa wancan, domin mai tafiya ya tsallaka ba tare da ya taka ruwa da ƙazantar da ke gudana a titin ba, an kuma bar rata a tsakaninsu daidai yadda amalanke zai wuce. Duk wanda ya taɓa tsallake lungu a kan bulo da damina ya san amfanin wannan dabara. Daga nan muka ga shagunan sayar da dafaffen abinci, masu kanta da aka dasa tukwane a cikinta, irinsu sun kai 80 a garin, saboda talakan da ke zaune a ɗaki ɗaya ba shi da madafa, a waje yake cin abinci. Sai gidan burodi, da duwatsun niƙa da jakuna suke juyawa, da tanda wadda idan ka hura mata wuta yau za ta yi aiki. A tandar wani gidan burodi an tarar da burodi 81 sun zama gawayi, kowanne an tsaga shi gida takwas. A nan nake so a bar ni in zauna, amma laima ba ta jira.

Hajiya Rabi: Gawarwakin nan fa da muke gani a hotuna, ashe ba duwatsu suka koma ba?

Malam Bulus: A'a, ranki ya daɗe, mutane da yawa suna wannan kuskure. Tokar ce ta daskare a kan jikin mamaci, da naman ya ruɓe sai ya bar rami mai siffar mutumin. A 1863 Giuseppe Fiorelli, wanda yake shugabancin tonon a lokacin, ya sa aka riƙa zuba ruwan filasta a cikin ramukan, idan ya bushe sai a fasa tokar, siffar ta fito har da naɗin tufa da igiyar takalmi, ƙasusuwan kuma suna ciki. An gano ragowar mutane fiye da 1,000 a garin. A gaban waɗannan siffofi ne kaɗai na ga ayarinmu ya yi tsit, har masu ɗaukar hoto suka sauke wayoyinsu.

Malam Auwal: Kuma daga wannan wuri, Hajiya, ba a yi minti ashirin ba aka ce mu hau mota za a je shan giya. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Malam Bulus: Na fahimci Malam Auwal, amma a nan muka rabu. Ni a ganina wanda bai hau jikin dutsen ya ga gonakin ba, zai fita daga Pompeii da tambayar da ba a amsa masa ba, wato me ya zaunar da mutane a gindin wannan dutse tun farko, kuma me ya sa har yau dubban ɗaruruwan mutane suke zaune a wurin, alhali dutsen ya sake aman wuta a watan Maris na 1944. Amsar tana cikin ƙasar. Tokar da ke kashe mutum ita ce ke zama taki bayan shekaru, kuma inabi na daga cikin abin da ya riƙe arzikin Pompeii. Akwai wani zanen bango da aka ciro daga wani gida a garin, yanzu yana gidan tarihi na Napoli, wanda ya nuna dutsen lulluɓe da kurangar inabi, ga gunkinsu na giya Bacchus a tsaye sanye da nonon inabi tun daga wuya har ƙafa. Su a wurinsu dutsen gona ne.

Hajiya Rabi: To, a cikin kufan kansa akwai shaidar wannan noma, ko kuwa sai a zane?

Malam Bulus: Akwai ta sosai. Kusa da filin wasan garin, wanda aka gina wajen shekara ta 70 kafin Miladiyya kuma yake ɗaukar kimanin mutum 20,000, akwai wani fili da aka daɗe ana zaton kasuwar shanu ce. Wata Ba'amurkiya masaniya, Wilhelmina Jashemski, ta ɗauki dabarar Fiorelli ta yi amfani da ita a kan saiwoyi, ta zuba siminti a ramukan da suka bari, sai ga shi gonar inabi ce mai kuranga wajen 2,000, an dasa su a jere. A 1996 aka ba kamfanin Mastroberardino izinin sake dasa inabi a cikin kufan bisa tazarar da aka gano. A gidan da ake kira Villa dei Misteri, a bayan ganuwa, akwai ɗakin matse inabi da aka sake haɗa katakon matsewarsa, a Boscoreale kuma akwai wata gona, Villa Regina, inda aka tarar da randuna 18 binne a ƙasa har wuya, masu ɗaukar kusan lita 10,000, domin sanyin ƙasa ya tsare abin da ke ciki.

Malam Auwal: Wannan kam hikima ce da kowace tsohuwa mai randar ruwa a gindin bishiya ta sani. Kuma zan yarda da abu ɗaya, cewa randunan sun shiga har cikin gardamar ranar da dutsen ya fashe. An daɗe ana cewa 24 ga Agusta ne, bisa kwafin wasiƙar Pliny, amma masu tono sun tarar da randunan giya a rufe kamar an gama girbi, ga rumman, ga kaskon jin ɗumi, abubuwan da suka fi kama da kaka. A 2018 aka gano wani rubutu da gawayi a bango mai kwanan watan da ya yi daidai da 17 ga Oktoba, shi ya sa masana da yawa suka karkata ga ƙarshen Oktoba, ko da yake wasu suna nan a kan Agusta.

Hajiya Rabi: Mu hau gonar yanzu. Malam Auwal, na san masu sauraro da yawa suna jiran su ji yadda Musulmi ya yi da wannan ɓangare.

Malam Auwal: Tun a mota na gaya wa jagora cewa ba na sha, kuma ba na son zama a teburin da ake sha. Bai yi mamaki ba, da alama ya saba. Aka sa mini kujera a waje a ƙarƙashin rumfar inabi, aka kawo mini burodi da man zaitun da taliya da miyar tumatir, bayan na tambaya an tabbatar mini babu naman alade a ciki kuma ba a zuba giya a miyar ba, domin a can sukan zuba ta a girki. Tumatirin shi ne ƙananan nan da ake kira piennolo, waɗanda ake ɗaurewa dami-dami a rataye su daɗe har cikin hunturu. Sai dai ko kwabo ba a rage mini ba a kuɗin tafiyar, kuma wannan abu ne da ya kamata mutum ya tambaya kafin ya biya. Da na gama ci sai na bi wani dattijo ma'aikacin gonar cikin layukan inabi, ba ma jin harshen juna, ya damƙo ƙasa ya zuba mini a hannu. Baƙa ce, mara nauyi, tana da yashi-yashi, ba ta riƙe ruwa a sama. Daga baya na ji cewa irin wannan ƙasa ce ta hana ƙwaron phylloxera, wanda ya cinye gonakin inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, yin ɓarna sosai a jikin dutsen, har akwai kurangar da ke tsaye a kan saiwarta ta asali.

Hajiya Rabi: Kai kuma da ka shiga ciki, Malam Bulus, me ake yi a wurin ɗanɗanawar?

Malam Bulus: Ba shaye-shaye ba ne yadda wasu suke zato, ɗan kaɗan ake zubawa a gindin kofi, a ce ka duba launi, ka juya, ka shinshina, sannan ka kurɓa, ga kuma bokiti ga wanda yake so ya tofar. An kawo mana fara da ja da mai ruwan hoda, dukansu da sunan Lacryma Christi, wato hawayen Almasihu, sunan da ya samo asali daga wata tatsuniyar mutanen yankin. Farar daga inabin Caprettone ake yinta, jar kuma daga Piedirosso, wanda ma'anarsa jan ƙafa, saboda sandar nonon tana yin ja kamar ƙafar tantabara. Mai bayanin ta nace cewa za mu ji ɗanɗanon dutsen a ciki. Ni dai na ji ɗan gishiri-gishiri a farar, amma ba zan rantse cewa ba maganarta ce ta sa ni ji ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne cewar da ta yi wai abin da Rumawa suke sha ke nan. Rumawa suna sirka giyarsu da ruwa, suna ganin mai shanta zalla a matsayin marar tarbiyya, wani lokaci su zuba zuma, kuma randunansu da ƙaro ake shafe cikinsu, saboda haka ɗanɗanon ba zai zo ɗaya ba. A bangon wata mashaya a Pompeii an rubuta farashi, kwabonsu ɗaya na gama-gari, biyu na mai kyau, huɗu na Falernum wadda ta fi kowacce suna. Shi kansa Pliny Babba ya rubuta cewa giyar Pompeii tana sa ciwon kai har tsakar ranar washegari.

Malam Auwal: Wannan ba ta faɗa muku ba, ko?

Malam Bulus: Ba ta faɗa ba, domin daga teburin sai aka bi da mu ta kantin sayar da kwalabe kafin mu kai mota, kuma a nan na gane dalilin da ya sa aka fi ba gonar lokaci.

Hajiya Rabi: Ashe dai kun fara haɗuwa. Malam Auwal, da za ka koma, yaya za ka tsara yinin?

Malam Auwal: Jirgin ƙasa na Circumvesuviana zan hau daga Napoli, cikin kimanin minti 40 ya sauke ni a tashar Pompei Scavi, dab da ƙofa. Zan sayi tikiti tun da wuri, saboda tun daga Nuwamban 2024 an ƙayyade masu shiga zuwa 20,000 a rana. Zan ɗauki jagora na sa'a biyu, domin ba tare da shi ba mutum bango kawai zai yi ta kallo, sannan in sallame shi in ci gaba ni kaɗai, da gorar ruwa da hula da takalmi mai kauri, in je har gonar inabin nan ta kusa da filin wasa wadda ba a kai mu ba. Da la'asar kuma in sauka a Herculaneum, a kan layin jirgin guda, inda katako da benaye suka tsira, kuma aka tarar da ƙasusuwan mutane kusan 300 a rumfunan jiragen ruwa, suna jiran ceto a bakin teku.

Malam Bulus: Ni kuwa zan bi ka har Herculaneum, amma washegari sai na koma jikin dutsen, kuma a watan Satumba ko Oktoba zan so in je, lokacin da ake tsinkar inabin.

Hajiya Rabi: To, sai ku nemi hutun kwana biyu. Masu sauraro, a nan za mu dakata, a madadin Malam Auwal da Malam Bulus nake cewa a huta lafiya.