Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwarin Ɓawo a Lambun Lemo da Ƙananan Zanzaron da ke Kashe Su

Jama'a barkanmu da war haka. Wasiƙar farko daga wani mai lambun lemo a Marwa ta ƙasar Kamaru take. Ya ce duk bazara wasu abubuwa kamar ƙananan ɓawo kan manne wa ganye da 'ya'yan lemonsa, ganye ya yi rawaya ya zube, amma da damina ta yi nisa sai su ragu. Me ke kawo haka?

Malam, ƙwari ne, a ƙarƙashin ɓawon suke zaune suna tsotsar ruwan bishiya. Danginsu ne suka addabi darbejiya a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1980. Ruwan sama kan wanke 'ya'yansu kafin su manne, amma akwai mai taya ka aiki da ba ka gani: wani ɗan zanzaro da ake kira Aphytis, tsawonsa kamar milimita 1, ba ya harbin mutum. Macen kan soka ƙwanta ƙarƙashin ɓawon, tsutsar ta cinye ƙwaron, cikin mako 2 zuwa 3 sabon zanzaro ya fito.

Matsalar ita ce zanzaron bai jure abin da ƙwaron ke jurewa. Ƙurar hunturu idan ta lulluɓe ganye takan hana shi aiki, har ta kashe shi. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan wuce digiri 40, iska ta bushe, yawansa ya faɗi, ƙwaron kuwa yana laɓe. Sai ruwa ya sauka, ganye ya wanku, sannan zanzaron ya farfaɗo.

Ka duba da kanka. Tsinko ganye 10 daga bishiya, ka sa gilashin ƙara girma. Ɓawon da ke da ɗan rami zagayayye tsaf, zanzaro ne ya fita ta nan. Wanda aka yage gefensa, wani ƙwaron ne ya ci shi. Tsohon ɓawo kan daɗe a manne, don haka ka ɗaga wasu da allura: mai rai yana da danshi, matacce a bushe yake. Ka maimaita duk mako biyu.

Wata baiwar Allah daga Kuseri, ita ma a Kamaru, ta tambaya ko ta fesa wa waɗannan ƙwarin ɓawo maganin ƙwarin auduga.

Hajiya, don Allah kada ki fesa. Maganin ba ya shiga ɓawon sosai, zanzaron yake fara kashewa, bayan 'yan makonni ƙwarin su dawo fiye da da. Da rani ki riƙa wanke ganyen da ruwa, musamman bishiyoyin bakin hanya. Ki sare rassan da suka taɓa ƙasa, don ta nan kiyashi ke hawa suna korar zanzaro. Reshen da ya cika da ɓawo a yanke a ƙone. In ya zama dole, cokali 1 na ruwan sabulu a lita 1 ta ruwa, a fesa da yamma, bayan an gwada a reshe ɗaya an ga bai ƙona ganye ba.