Kayana ne, ya ƙi ba ni: ina doka ta tsaya?

Hajiya: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Barista, mu fara da wannan. Mutum ya ba ka ajiyar kwamfuta, ya zo karɓa, ka ce sai ya biya bashin da kake binsa. Da laifi?

Barista: Da laifi kam, Hajiya. Bashi daban, ajiya daban. In dai ba jingina aka yi da kayan tun farko ba, ba ka da hurumin riƙe su, kuma mai su zai iya maka ka a kotu.

Malam: Haka ma yake a fiƙihu, ajiya amana ce. To amma makanike fa, Barista? Ya gyara mota, an ƙi biyansa.

Barista: Shi doka ta ɗaure masa gindi, saboda guminsa na jikin motar. Zai riƙe ta har a biya kuɗin wannan gyaran. Sai dai ba zai hau ta yana yawo ba, ba kuma zai sayar da gaban kansa ba. In ya sake ta, damar riƙewa ta tafi, saura bin bashi.

Hajiya: Wanda aka hana kayansa fa, ta ina zai fara?

Barista: Ya nema a rubuce. Nan mutane ke yin sakaci. A irin wannan ƙara, alƙali na son ganin abu biyu: an nema, an kuma ƙi bayarwa. Wasiƙa mai kwanan wata, ko saƙon waya, ya bayyana kayan, ya sa wa'adi. Rasit da lambar jikin kayan ma a adana su. Kotu na iya cewa a mayar da kayan, ko a biya ƙimarsu, har da diyyar asarar da riƙewar ta jawo.

Malam: In babu rasit fa?

Barista: Ba dole sai da shi ba. Akwai wata shari'a da aka yi a Ingila a 1722. Wani yaro mai share bututun hayaƙi ya tsinci wani abin ado mai duwatsu masu daraja, ya kai shagon maƙerin zinariya a duba masa. Yaron shagon ya ɓanɓare duwatsun, aka miƙo wa yaron da ya tsinta 'yan kuɗi, ya ce a'a, kayansa yake so. Aka ba shi fanko. Kotu ta ce wanda ya tsinta ya fi kowa haƙƙi in ban da mai kayan na asali.

Hajiya: Duwatsun da aka ɓoye fa, ta yaya aka san kuɗinsu?

Barista: Alƙalin ya ce muddin maƙerin bai fito da su ba, a ƙiyasta da dutse mafi tsada da zai shiga gurbin.

Malam: Ikon Allah! Ai gara da ya fito da su.