Taima da Cok: Haɗa Fitilun Renon Shuka a Ɗaki Ba Tare da Gobara ba

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan taimar da ke hannuna. Kun ga bakinta ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta lanƙwashe? Daga ɗakin wani maƙwabcina a Rigasa na ɗauko ta, inda yake renon irin tumatir da attaruhu a ƙarƙashin fitila kafin ya kai su gona. Warin roba ne ya tashe shi da asuba. Allah ne Ya kiyaye, don ɗakin yara na jikin bangon.

Irin shuka da ake reno a ɗaki yana son haske na awa 14 zuwa 16 a rana, shi ya sa ake sa taima ta riƙa kunnawa da kashewa. Fitilar sodiyam, mai haske ruwan lemo irin na tsofaffin fitilun titi, ba ta kamawa kai tsaye daga soket. Sai da cok, wanda wasu ke kira balas, shi ke tsare yawan wutar da ke shiga ƙwan. Akwai mai nauyi, na ƙarfe da naɗin tagulla, mai tafiya da kafasita, wato ƴar na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci. Akwai na zamani mara nauyi.

To ga inda mutane ke faɗawa rami. Ƙwai mai wat 600 a kan wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan amfiya 3. A jikin taima kuwa an rubuta amfiya 13 ko 16. Sai mutum ya ce ai akwai sauran fili. Wancan adadin na kaya irin hita ne da dutsen guga. Juya bayan taimar, sau da yawa za ka ga wani adadi ƙarami, shi ne na kaya masu cok. Dalili kuwa, a daidai lokacin kunnawa cok da kafasita suna fisgar wuta ninki da yawa cikin ƙiftawar ido, tartsatsi ya tashi tsakanin ƴan ƙarafan da ke cikin taimar. Yau da gobe, ƙarafan su cinye, ko su manne da juna. In sun manne, fitila ba za ta ƙara mutuwa ba, ga zafi yana taruwa. Fitilun LED ma, in ka jera da yawa a kan taima ɗaya, suna yin wannan fisgar.

Maganin shi ne wannan ɗan akwatin, kwantakta. Taima ta tsaya a matsayin mai ba da umarni, kwantakta ya ɗauki kayan. Ku matso ku gani. Wuta daga bireka ta shiga saman kwantakta, ta fito ta ƙasa zuwa cok, daga cok zuwa ƙwai. Wayoyi biyu da suka fito daga taima kuma su tafi nan, inda aka rubuta A1 da A2 a jikin kwantakta. Ka tabbata a wajen saye an ba ka mai amfani da bolt 230 a wannan gurbin. Da taima ta kunna za ka ji ƙas, kwantakta ya kama.

Waya mai kauri 2.5 za ka sa, ba siririyar ekstenshan ba. Ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje za ka tarar da ja a madadin ruwan ƙasa, baƙa a madadin shuɗiya. Ina roƙonku kada ku bar wayar ƙasa a yanke. Wuri ne da ake ban ruwa kullum, hannu a jiƙe, jikin fitila kuma ƙarfe. A sa RCD mai miliamfiya 30 a layin, shi ke katse wuta da ta fara bi ta jikin mutum.

Cok yana zafi sosai. A ɗora shi a kan bulo ko ƙarfe, ba a dandariyar ƙasa ba, nesa da labule da buhunan taki, a kuma riƙa share masa ƙurar hunturu.

Sai batun ɗauke wuta, wanda mu ƴan Kaduna ba sai an gaya mana ba. Taima mai ƴan haƙora da ke juyawa tana tsayawa cak idan NEPA ta ɗauke, in an kawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, lissafin awanninka ya rikice. Sayi mai lambobi da batir a ciki. Ƙwan sodiyam kuma in ya mutu da zafinsa, sai ya huce na wasu mintuna kafin ya sake kamawa, don haka in ka juya zuwa janareta ka ga bai kama ba, ka ba shi lokaci, kada ka yi ta kunnawa da kashewa.

Kafin ka taɓa komai, sauke bireka, zare fulogi, ka jira, domin kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe. Gwada da testa. Haɗin da ya shafi babban akwatin gida kuwa, kira ƙwararren mai aikin wuta, ka nuna masa wannan bidiyon tun daga wajen A1 da A2.