Tattakin Yaƙi da Sankara a Legas: Ku Fito da Iyali Gaba Ɗaya

Assalamu alaikum mutanen Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago.

Wataƙila kun taɓa cin karo da su da sassafe ranar Asabar: ayarin mutane sanye da riguna ruwan hoda, kiɗa na tashi, jami'an kula da zirga-zirgar ababen hawa na LASTMA na tare musu hanya, direbobin danfo na ta ƙunƙuni. Wannan shi ne tattakin yaƙi da sankara, wato ciwon daji. An fi yin sa a lokuta biyu: wajen 4 ga Fabrairu, Ranar Sankara ta Duniya, da kuma watan Oktoba, wanda aka keɓe don wayar da kai kan sankarar mama.

Me ya sa ake yi? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne suka kamu da sankara a Najeriya a shekara guda, kusan 80,000 suka rasu. A wajen mata, sankarar mama ce kan gaba, sai ta bakin mahaifa. Babban abin da ke kashe mutane kuwa shi ne jinkiri. Mace ta ji ƙullutu a nono, kunya ta hana ta faɗa. Aka ce daji ne, ba ya son allura, aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Kafin a isa asibiti, ciwo ya riga ya bazu.

Ga dalilin da ya sa muke cewa a fito da iyali. A yawancin irin wannan tattaki, inda aka ƙare nan ake kafa rumfunan gwaji, sau da yawa kyauta. Uwargida da ba za ta taɓa tashi ita kaɗai ta je a duba ta ba, in maigida na gefe, ƙanwarta na gefe, shiga rumfar ba ya mata nauyi. Maigida, zuwanka shi ne izinin, shi ne kuma ƙwarin gwiwar. Kuma kai ma ba a bar ka a baya ba: in ka haura shekara 45, tambayi likita batun gwajin jinin da ake yi wa maza don gano sankarar furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. In kuna son ma'aikaciyar lafiya mace ce ta duba Hajiya, ku faɗa tun a bakin rumfa, ba abin kunya ba ne.

Yara kuwa, kallo ya ishe su darasi. Yarinyar da ta ga mace ta hau mumbari tana cewa "na yi sankara, na warke", ba za ta tashi da tunanin cewa ciwon nan takardar mutuwa ba ne.

Sai shiri. Galibi kilomita 5 ne ko ƙasa da haka, kuma ba tsere ake ba. Ku yi sallar asuba ku kama hanya, don gosulon Legas bai san Asabar ba. Takalmi mara tsini, ruwan sha, laima in Oktoba ne. Rigar tattakin ana iya ɗora ta kan doguwar riga, a sa hijabi mara nauyi. Zufar garin nan ba sai an gaya muku ba. Baba ko Inna masu ciwon gwiwa su jira ku a wurin ƙarewa.

Batun kuɗi fa? Wasu tattakin kyauta ne, wasu ana biyan kuɗin rajista ko na riga. Kafin ku ciro ko sisi, ku tambaya: wace ƙungiya ce, tana da rajista da gwamnati, kuma kuɗin bara me aka yi da su? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin wannan tambayar. Maganin sankara na cin miliyoyi, don haka ya kamata taimakonku ya isa ga mara lafiya, kada ya tsaya a buga riguna da ɗaukar hoto.

In kuna da 'ya mace mai shekara 9 zuwa 14, ku tambayi rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara ba da shi kyauta, allura ɗaya.

In kuma gwaji ya nuna wani abu, kada hankali ya tashi, yawancin ƙullutun mama ba sankara ba ne. Ku karɓi takardar turawa, ku tafi asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, inda aka buɗe cibiyar kula da masu sankara a 2019, ko LASUTH da ke Ikeja. Ku je cikin makon nan, kada a ce sai bayan biki.